Daga motar kara zuwa fim: ƙauyen fim ɗin da za ka iya ginawa a kan tabarma

Ka tuna motar kara? Idan a Kiru ka tashi, ko Bebeji, ko Tudun Wada, ko Doguwa, na san ba sai na yi maka dogon bayani ba. Da zarar an yanke dawa, kara ya bushe, sai ka ga yara sun baje a gindin bishiya, kowa da reza ko tsohuwar wuƙa. A ɓare bayan kara, a yanka totuwar, a soka wannan cikin wancan, kafin la'asar an fito da tirela har da madubi. Wanda hannunsa ya faɗa sai ya koma langa-langa. Ya buɗe gwangwanin madara ya miƙar da shi, ya yanko tayoyi daga tsohon silifas, ya ɗaura doguwar waya ta zama sitiyari, yana tafe yana kukan inji da baki. Ke kuma 'yar'uwa, ai ba ki manta da tukwanen laka da gadon kara da 'yar tsana ba.

Yawancinmu mun ajiye abin ne ranar da wani babba ya dube mu ya ce, "Kai ba ka san ka girma ba?" Abin da ba a gaya mana ba shi ne, akwai ƙarti masu gemu a duniya da wannan wasan shi ne sana'arsu, kuma da shi aka yi wasu fina-finan da kake kallo baki buɗe.

Ɗauki Titanic na 1997. Da yawa daga cikin wuraren da ka ga jirgin yana keta teku, ƙaramin samfuri ne da aka ƙera, tsawonsa kusan ƙafa 45, wato kashi ɗaya cikin 20 na ainihin jirgin. Jiragen sararin samaniya na Star Wars na 1977 da hannu aka haɗa su, har da ɓangarorin tankokin yaƙi da motocin wasan yara da aka ɓalle aka manna musu don su yi kama da manyan injuna. Godzilla na Japan, na 1954, mutum ne cikin rigar roba yana tattake ƙaramin birnin Tokyo da aka gina bai kai tsawonsa ba. Shi kansa Steven Spielberg da jirgin ƙasa na wasan yara ya fara. Ya ga hatsarin jirgi a wani fim yana yaro, ya dawo gida yana ta gwara nasa, daga baya ya ɗauki karon da ƙaramar kyamarar mahaifinsa don ya riƙa kallo ba sai ya ƙarasa lalata jirgin ba.

Za ka ce ai waɗannan Turawa ne da Japanawa masu kuɗi. To, bari mu dawo kusa da gida.

Bakaniken da ya yi fim da kwaɗi

A Jamhuriyar Nijar an yi wani mutum mai suna Moustapha Alassane. An haife shi a 1942 a N'Dounga, kusa da Yamai, kuma kanikanci ya fara koya. Tun yana saurayi, kafin ya taɓa riƙe kyamara, yake tara jama'a yana nuna musu wasan inuwa: ya zana dabbobi ya yanka, ya sa fitila a baya, inuwa ta riƙa motsi. Idan ka tambayi yayyenka ko baffanninka, za ka samu wanda ya taɓa yin irin wannan majigin na kwali da farar takarda da aci-balbal, har ana biyan kuɗin shiga da gyaɗa ko alewa.

Bambancin kawai, shi Alassane bai daina ba. Ya haɗu da Jean Rouch, Bafaranshen nan mai shirya fim da ya daɗe yana aiki a Nijar, daga baya ya tafi Kanada ya ƙara sani a wajen Norman McLaren, gwanin fim ɗin zane. A 1966 ya fitar da Bon Voyage Sim, ɗan gajeren fim na zane a kan wani shugaban ƙasar kwaɗi da ya tafi ziyarar aiki, da faretin girmamawa da taken ƙasa da komai. Wanda ya san yadda shugabannin Afirka suke a shekarun farko na 'yancin kai ya san da wa ake. A wannan shekarar dai ya yi Le Retour d'un aventurier, labarin wani saurayi da ya dawo daga tafiya da akwati cike da kayan kaboyi, ya raba wa abokansa, suka hau dawaki suka addabi ƙauye. A 1977 ya yi Samba le Grand da 'yan tsana da ya ƙera. Sai kuma wanda na fi so, Kokoa. Sunan ma ya ishe ka: kokawa ce irin tamu, da fili da makaɗa da 'yan kallo, amma kwaɗi da sauran ƙananan dabbobi ne 'yan wasan, duk ƙirar hannu, ana motsa su kaɗan-kaɗan ana ɗauka.

A Tahoua, cikin ƙasar Adar, ya yi zamansa na ƙarshen rayuwa yana ci gaba da aiki, ya rasu a 2015. Bayan shekara biyu gidan adana kayan fasaha na MoMA da ke New York ya ware kwanaki yana nuna fina-finansa. Mu da muke karatun sadarwa a jami'a mun haddace sunayen daraktocin Amurka da Indiya, amma ka shiga aji ka tambayi wa ya san wannan maƙwabcin namu, ka ga yadda za a yi tsit. Wannan abin yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Idan kana ganin zamaninsa ya yi nisa, to ga na jiya-jiya. A Kaduna akwai wasu samari 'yan'uwa da abokai da suka kira kansu The Critics. A 2019 duniya ta san su, bayan an ga suna yin fina-finan kimiyya irin na gobe da wayar da fuskarta ta fashe, sun ɗaure ta a jikin karyayyen ƙarfen makirfo. Sai da suka yi wata guda suna tara kuɗi kafin su sayi koren ƙyallen da ake tsayawa a gabansa don a sauya bayan hoto. A YouTube suka koyi aikin, da manhajar Blender wadda kyauta ce. Darakta Kemi Adetiba ta tallata su har aka tara musu gudummawa, a 2020 kuma J.J. Abrams, wanda ya ba da umarnin fina-finan Star Wars biyu, ya aiko musu da kayan aiki. A unguwar Wakaliga ta birnin Kampala a Yuganda, Isaac Nabwana ya yi Who Killed Captain Alex? a 2010 da kuɗin da bai wuce dala 200 ba. Bindigogin fina-finansa da jirgi mai saukar ungulu duk wani mai walda, Dauda Bisaso, ke haɗa su da tarkacen ƙarfe.

Kofa, 2016

Me ya sa nake wannan maganar da kai ɗan kudancin Kano musamman? Saboda a ƙasarku aka so kafa ƙauyen fim. A 2016 gwamnatin Buhari ta sanar da shirin gina shi a Kofa, cikin ƙaramar hukumar Bebeji, a kan kuɗi kusan Naira biliyan 3, kuma ɗan majalisar Kiru da Bebeji, Abdulmumin Jibrin, na kan gaba wajen jawo aikin. An ce za a yi zauren ɗaukar fim da ɗakin taro da masaukin ɗalibai da otel. Malamai da dama suka tashi suka ce ba su yarda ba, suna tsoron abin da wurin zai jawo wa tarbiyya. Aka yi ta muhawara a masallatai da rediyo da Facebook, cikin watan Yulin shekarar aka janye.

Ba zan sake buɗe wannan shari'ar a nan ba, kowa ya riga ya san ɓangaren da yake. Abin da ya dame ni shi ne abin da ya biyo baya. Tun daga lokacin, ka zauna da matashin da ke son fim a yankin nan, zancen ɗaya ne: ai an hana mu, ai da an gina da yanzu mun wuce nan. Har makarantar koyon fim da gwamnatin Kwankwaso ta kafa a Tiga takan shigo cikin lissafin ƙorafin. Wataƙila da gaskiyarsu. Amma zaman jiran gawon shanu ba ya fitar da fim ko na minti ɗaya. A gefe guda kuma, wayar da ke hannunmu ta fi kyamarar da ƙungiyar Tumbin Giwa ta ɗauki Turmin Danya da ita a 1990 nesa ba kusa ba, kuma daga wannan fim ɗin ake fara lissafin tarihin Kannywood. Me muke yi da ita? Rawa, habaici, da barkwancin da wani ya riga ya yi sau ɗari. Wasu ma garin neman mabiya sun ƙare a gaban alƙali.

Fim ɗin ƙananan samfura yana da wata fa'ida da ta dace da mu ƙwarai: ba ya buƙatar fuskar kowa. Babu cakuɗuwa, babu rawa, babu zuwa lokeshan a kwana. Yarinyar da mahaifinta ba zai taɓa barin ta fito a bidiyo ba tana iya gina gari guda a tsakar gida, ta ɗauka, ta tace, ta ɗora murya, kuma fim ɗin nata ne. Na san malamai suna da magana a kan ƙera surar abu mai rai, wannan kuwa sai ka tambayi malaminka, ni ba fagena ba ne. Amma mota da gada da jirgi da ganuwa da rumfunan kasuwa, ban ji wanda ya yi jayayya a kansu ba.

Yadda ƙaramin abu ke zama ƙato

Nan ne fa wurin da ya kamata ka gyara zama, domin yawancin masu gwadawa a nan suke faɗuwa. Ka ƙera mota mai kyau, ka ɗauka, ka kalla, sai ka ga dai motar wasa ce. Ba ƙirarka ce ta gaza ba. Ido yana gane ƙaramin abu ne ta hanyoyi kaɗan, kuma kowace akwai maganinta.

Babbar cikinsu ita ce sauri. Ka saki dutse daga tsawon rabin mita, zai kai ƙasa cikin kusan kashi ɗaya bisa uku na sakan. Ka sake shi daga mita 8, sai ya ɗauki sakan ɗaya da ɗan ɗori, wato ninki huɗu. Ƙwaƙwalwarka ta san wannan ko ba ka taɓa shiga ajin kimiyya ba, shi ya sa da motar kara ta kife cikin ƙiftawar ido take cewa wannan ƙarama ce. Masu wannan aiki suna da lissafi: idan samfurinka ya gaza ainihin abin sau 16, sai ka rage saurin hoton sau 4. In sau 9 ne, ka rage sau 3. In sau 25 ne, sau 5. Wato lambar da in ka ninka ta da kanta za ta ba ka ma'aunin. Yanzu duba wayarka. Da yawa daga cikinsu suna da ɗauka ta tafiyar hawainiya, hoto 120 a sakan ɗaya, wanda in aka kunna shi a kan 30 da aka saba ya zama an rage sauri sau 4 cif. Ka ga ke nan ma'aunin ɗaya bisa 16 kamar don kai aka yi shi. Babbar motar da tsawonta mita 8 ne, taka ta zama santimita 50. Mutum kuma ya zama kusan santimita 11. Ka riƙe wannan ma'aunin a komai, kada ƙofar gida ta fi motar tsawo.

Sai inda ka ajiye waya. Mun saba tsayawa a kan abin wasa mu leƙa shi daga sama, alhali ba wanda ke kallon tirela daga sama sai tsuntsu. Kwanta a ƙasa. Juya wayar kanta ya koma ƙasa yadda idon kyamarar zai kusa taɓa turɓaya, daidai inda idon ɗan mutum mai santimita 11 zai kasance. Kuma kada ka matsa da yawa har baya ya dushe, domin dushewar baya ita ce ke tona asirin ƙaramin abu. Ka ɗan ja da baya, ka ɗauka cikin haske sosai.

Haske kuwa Allah ya hutar da kai. Kada ka wahalar da kanka da tocila a ɗaki. Fitar da kayanka waje da hantsi ko bayan la'asar, ka ɗora su a kan tebur ko benci, ka saita yadda ainihin sararin sama da ainihin duwatsu za su zama bayan hoton. A nan ne kuka fi 'yan birni gata. Wanda ke Fagge sai ya sha wahala kafin ya samu sararin da babu wayar lantarki da benaye. Kai kuwa ga ruwan Tiga, madatsar da aka gama tun 1974 zamanin Audu Bako, shimfiɗe har iya ganinka. Ga Bagauda. Ga duwatsun Riruwai. Ka ɗora ƙaramar ganuwar laka a kan benci, dutsen gaske yana bayanta, rana ɗaya ce ke haska su duka, wallahi sai ka rantse tsohon birni ne. Haka ma in ka ajiye samfurin kusa da kyamara, abokinka ya tsaya can nesa a daidai saitin ƙofar, sai a gan shi kamar zai shiga.

Wani abin kuma, sabon abu ba ya kama da gaske. Motar da ta yi jigilar masara daga Doguwa zuwa Dawanau ba ta sheƙi. Ka shafa mata toka, ka ɗiga baƙin mai a gindin inji, ka kankare fenti a gefe, ka rubuta mata irin kirarin da direbobi ke rubutawa a baya. Bangon laka ya samu tsaga da zanen ruwan sama. Rabin aikin ke nan.

Abu biyu ne ba sa yarda a ƙanƙantar da su: ruwa da wuta. Ɗigon ruwa girmansa ɗaya ne ko a Tiga ko a kwano, don haka in ya fantsama a jikin ƙaramin jirgi sai ya zama kamar ƙwallo. Harshen wuta ma haka. Ka kauce musu da farko. In hayaƙi kake so, turaren wuta ya wadatar, in ƙura ce, a tankaɗe toka ko busasshiyar ƙasa a hura. Zancen fetur da ashana a kusa da kara da kwali, a cikin gidan da ke da rumbu, kada ma ka fara.

In kuma so kake abubuwan su yi motsi da kansu irin na Alassane, dabarar ita ce ka ɗauki hoto ɗaya, ka matsar da abin kaɗan, ka sake ɗauka. Hoto 12 ke ba da sakan ɗaya mai kyau, minti ɗaya ke nan hoto 720. E, ka karanta daidai. Manhajar Stop Motion Studio tana nuna maka inuwar hoton baya don ka san iya inda za ka matsar, CapCut ko KineMaster kuma su haɗa maka da sauti. Sharaɗin kawai kada wayar ta motsa ko kaɗan. In ba ka da mariƙi, ka ɗaure ta da roba a jikin bulo. Kuma ka yi a inuwa mai ɗorewa, don in rana ta matsa tsakanin hoto da hoto sai fim ɗin ya riƙa ƙyafta ido.

Kada ka raina sauti. Motar kara da aka ɗora wa ainihin rurin tirela ta riga ta yi nauyin tan 30 a kunnen mai kallo. Ka tsaya a Kwanar Ɗangora da wayarka minti goma, za ka tara kukan inji da hon da birki da hayaniyar 'yan talla da za su ishe ka fim uku.

Sai gargaɗi, kuma da gaske nake. Kada ka kwaikwayi 'yan Yuganda ka ƙera bindigar katako mai kama da ta gaske ka nufi daji da abokai. Dajin Falgore ya sha fama da ɓarayin shanu da masu garkuwa da mutane, tun 2017 kuma sojoji ke atisaye a cikinsa. Jami'in tsaro ko ɗan sa-kai da ya hango ka daga nesa ba zai tsaya tambayar sunan fim ɗin ba. Ko a cikin gari ne, ka sanar da mai unguwa kafin ka tara yara. In abin ya girma har ka fara tunanin fim mai dogon zango a YouTube, ka san cewa akwai Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano tun 2001, kuma a watan Mayun 2025 ta dakatar da irin waɗannan fina-finai har 22 saboda ba a kai mata ta duba ba. Ka je ka ji ƙa'idarsu tun kafin su neme ka.

Saura labari. Don Allah kada fim ɗinka na farko ya zama Baahubali na kwali, ba za ka gama ba, gwiwarka ce kawai za ta yi sanyi. Sakan 30 ya isa. Motar rake ta maƙale a kan gada, direba ya rasa yadda zai yi. Kasuwar Tudun Wada tun daga asuba da babu kowa har rumfuna su cika, buhunan shinkafa suna jera kansu. Tsohuwar mahaƙar kuza ta Riruwai yadda kakanka ya ba ka labarinta. Gizo da Ƙoƙi ma suna nan, ba su taɓa neman kuɗin fitowa ba.

In kuma kai hannunka ya riga ya manta yadda ake soka totuwa, to akwai wani ƙaninka a layinku da bai manta ba. Kai ka riƙe waya da editin, shi ya riƙe reza da gam. Idan kun zo rubuta sunaye a ƙarshen fim, nasa ya fito shi kaɗai a allo, a ƙarƙashin "Ƙira da gini", kuma in an samu kuɗin data a raba da shi.